Sanarwa: zaman kallo na ran Asabar

Salam ƴan uwa mata, zaman mu na wannan satin yana nan ran Asabar bayan la'asar a gidan Anti, can Ƙofar Ƙaura. Hirar Rahama Sadau za mu yi, ƴar Kaduna da ta shigo fim a 2013, shekara na zagayowa ta ɗauki kambun gwarzuwar jaruma na City People, ta sake ɗauka a 2015. Wallahi abin da ke burge ni shi ne, MOPPAN, ƙungiyar masu shirya finafinai, ta kore ta a 2016 amma ba ta zauna kuka ba, ta shirya fim ɗin Rariya da kanta kuma ta je Sayifurus ta yo digiri. Rariyar za mu kalla, an tanadi janareto. Mai zuwa ta taho da tabarma dan Allah, ni zan dama kunun aya.