Zuwa Ga Uwata: Karofi, Dalma Da Ma'auni

Assalamu alaikum, Uwata.

Ina fata kina lafiya, kin kuma fara sabawa da zaman makaranta. Mu nan gida lafiya lau, sai kewarki. Ƙannenki kullum sai sun tambayi yaushe za a ba ku hutu.

Ranar da sunaye suka fito, kika ga an ba ki kemistiri maimakon likitancin da kika nema, na ga yadda kika shige ɗaki, ko tuwon dare ba ki taɓa ba. Gwaggonki ta ce a bari ki sake zana jarrabawa baɗi. Ban ce komai ba a ranar, don magana ba ta shiga kunnen mai kuka. Yanzu kin yi wata biyu a can, hankalinki ya ɗan kwanta, shi ya sa na zauna in rubuta miki abin da ke raina, ki samu abin da za ki riƙa komawa kina dubawa.

Ba ki riski kakanki ba, Allah Ya jiƙansa. Marini ne, kuma tun ina ɗan shekara 9 nake bin sa karofi. Rami ne mai zurfi, ya fi tsayin mutum. A cika shi da ruwa, a zuba baba, a zuba toka, a bar shi kwanaki yana ruɓa, ana motsa shi da muciya. Kakanki ba shi da agogo, ba shi da sikeli. Da wari yake gane rami ya nuna, da launin kumfar da ta taso, wani lokaci har ya ɗan taɓa ruwan a harshe. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, idan ya tsamo zane daga rami, kore-kore yake fitowa kamar ruwan ganye. Sai ya ɗaga shi ya girgiza, kina kallo da idonki zanen zai riƙa juyewa yana komawa shuɗi. Na tambaye shi dalili, ya ce mini, "Iska ce ke rini, mu tsomawa kawai muke yi."

Sai da na girma na zauna a aji na gane gaskiya tsantsa ya faɗa. Shuni ba ya narkewa a ruwa. Ƙananan halittun da ke ruɓar da baba a cikin ramin, tare da kaifin toka, su ke juya shi zuwa wani yanayi da zai narke ya ratsa zare. Da ya fito ya haɗu da iskar da muke shaƙa, sai ya koma yadda yake, ya maƙale a cikin zaren, wanki ba ya fitar da shi. Wannan karatun da kike kuka a kansa, a gidanku aka yi ta yin sa da hannu tun kafin a haifi uban da ya haife ni.

To me ya ci karofi? A shekarar 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta, bayan shekarun da Adolf von Baeyer ya yi yana bin diddigin yadda ƙwayar shuni take. Manoman baba na Indiya aka fara durƙusarwa, daga baya guguwar ta iso mu. Idan kin je Kano ki leƙa Ƙofar Mata, inda ake cewa ana rini tun 1498, ki ƙirga ramukan da ke aiki, ki ƙirga waɗanda suka bushe. Iyayenmu ba su gaza a gwaninta ba. Gwanintar tana hancinsu da harshensu, idan mutum ya rasu sai a binne shi da ita. Su kuwa waɗancan sun auna, sun rubuta, sun sake aunawa, har wanda bai taɓa ganin ganyen baba ba ya iya fitar da shuni tan-tan. Na daɗe ina juya wannan a raina, kuma duk abin da zan gaya miki a ƙasa daga nan ya taso.

Kin so likitanci don ki ceci rai, kuma niyya ce mai kyau. Bari in tuna miki abin da ya faru a Zamfara kina ƙarama. A farkon 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka tarar yara ƙanana suna ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma da Abare. Yaro ya yi amai, ya yi jijjiga, ya sume. An ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, aka ba da magani, bai yi ba. Sai da aka auna jinin yaran aka gane dalma ce. Mutanen wurin suna haƙo dutse mai zinariya, su kawo shi cikin gida, a daka a turmi, a niƙa a injin niƙan hatsi, a shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Dutsen nan cike yake da dalma. Wasu yaran, dalmar da ke jininsu ta wuce iyakar abin da ƙaramar na'urar gwajin ke iya karantawa. Yara aƙalla 400 suka rasu.

Ki lura da nan. Akwai maganin da ke kama dalma a jini ya fitar da ita ta fitsari, amma likitoci suka ce ba shi da amfani a ba yaro magani a mayar da shi gidan da ƙasarsa guba ce. Dole sai an bi gida-gida da na'ura ana auna ƙasa, a kankare wadda ta gurɓata, a kwashe a binne, a zubo sabuwa. A Bagega sai 2013 aka yi wannan aiki, saboda jinkirin sakin kuɗi, kuma duk tsawon jiran nan yara suna nan suna wasa a cikin ƙurar. A 2015 abin ya sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Da a ce tun farko akwai mutum ɗaya a yankin da ya ɗauki dutsen nan ya kai ɗakin gwaji, ya dawo ya tsaya a ƙofar masallaci ya yi wa mutane bayani da Hausa, da makabartun ba su cika haka ba. Wannan mutum ɗayan nake so ki zama.

Kuma dalma ba ta tafi ba. Yanzu kowane gida mai ɗan hali yana sa sola, batiran kuwa yawancinsu na dalma ne. Idan sun mutu 'yan gwangwan ke saye, a fasa da gatari, a zubar da ruwan batir a kwata, a narka dalmar a fili. Ga kuma litiyom da ake haƙowa a Nasarawa da maƙwabtanta, wanda duniya ke rububinsa saboda batiran waya da motocin lantarki. Mutum uku da suka samar da irin wannan batir sun karɓi kyautar Nobel ta kemistiri a 2019, ɗayansu John Goodenough yana da shekara 97. Mu kuwa dutse muke lodawa a buhu, a saya a hannunmu da kilo, a dawo mana da shi a batir da tsada. Mai haƙa ba ya ma sanin kashi nawa ne na litiyom a cikin dutsensa, abin da mai saye ya faɗa shi ke nan. Labarin karofi ne ke neman maimaita kansa, kuma abin na ci mini rai.

Ta fuskar masana'antu, inda nake ganin hanya a buɗe shi ne taki. Kashi 78 cikin 100 na iskar da ke kewaye da mu naitirojin ne, amma hatsi ba ya iya cin sa daga iska. Fritz Haber ya gano yadda za a kamo shi a mayar amoniya, sinadarin da ake haɗa taki da shi, a 1909, Carl Bosch ya mayar da abin masana'anta a 1913. Buhun yuriyar da kawunki ke zubawa a masara daga wannan aikin ya samo asali, haka ma masana'antar takin Ɗangote da aka buɗe a Legas a 2022, wadda aka gina don fitar da tan miliyan 3 a shekara. Sai dai hanyar tana cin iskar gas, tana fitar da hayaƙin da ke ɗumama duniya. Shi ya sa masu bincike suka duƙufa neman yadda za a yi amoniya da ruwa da lantarkin hasken rana. Rana kuwa Allah Ya hore mana. Tun kafin a kai can ma akwai aiki a ƙasa: manominmu yana sayen taki iri ɗaya ya zuba a jigawa, ya zuba a fadama, ba wanda ya taɓa auna masa ƙasar gonarsa ya gaya masa abin da ta rasa.

Haber ɗin nan, shi ne kuma ya jagoranci sakin iskar guba ta kulorin a kan sojoji a Beljiyam a 1915. Ƙwaƙwalwa ɗaya, ilimi ɗaya. Na faɗa miki ne don ki san abin da za a damƙa miki wuƙa ce, kuma tarbiyyar da kika tafi da ita daga gida ita ce kubenta.

Za ki ji ana cewa kwamfuta za ta ƙwace aikin. Gaskiya ne ta shigo da ƙarfi. Kyautar Nobel ta kemistiri ta 2024 an raba ta ne tsakanin David Baker da wasu mutum biyu, Demis Hassabis da John Jumper, waɗanda suka ƙera manhajar da ke hasashen siffar furotin, aikin da a da yakan ci wa ɗalibi shekaru. Ki koyi kwamfuta sosai, kada ki yi wasa da lissafi. Amma babu manhajar da za ta je Challawa ta ɗebo ruwan da ke fitowa daga masana'antun jima ta gaya wa mai lambu ko ya dace ya yi ban ruwa da shi. Sai an je, an ɗebo, an auna. Ki kuma karanta tarihin Omar Yaghi, ɗaya daga cikin waɗanda suka karɓi kyautar a 2025. A Amman aka haife shi, cikin iyalin Falasɗinawa 'yan gudun hijira, inda ruwan famfo sai an yi kwanaki yake zuwa. Ya girma ya ƙera wani abu mai ƙofofi kamar soso da ke iya tsotso ruwa daga iskar hamada. Ƙishin yarintarsa ya bi, bai aro matsalar wasu ba.

Akwai abin da nake nadama a shekarun da na yi ina koyarwa. Na koyar da aji bayan aji yadda ake ɗiga ruwan asid a hankali har launi ya juya, amma a allo na zana musu, don makarantar da nake ba ta da kayan gwaji, ɗakin ma an mayar da shi wurin ajiyar karyayyun kujeru. Yaran suka haddace, suka ci jarrabawa, da yawansu ba su taɓa ganin launin nan ya juya ba. Ya kamata in kawo zoɓo da lemon tsami da kanwa daga gida in nuna musu, don ruwan zoɓo yana sauya launi idan ya haɗu da tsami ko da kanwa. Sai can gab da ritaya na fara yin haka, kuma na ga yadda idanun yara suka buɗe. Saboda haka ke kada ki yarda ki tsaya a baya ana gwaji kina kwafar sakamakon wasu. Ki matsa gaba ki riƙe kwalba da hannunki. Ki girmama ma'aikatan ɗakin gwaji, ki riƙa gaishe su, sun san abin da babu a littafi. Lokacin koyon aiki idan ya zo, ki nemi inda injuna ke aiki da gaske, ko cibiyar binciken sinadarai ta NARICT da ke Zariya, ko masana'anta, ko da wurin ya yi nisa da gida.

Sai maganar da ta fi kowacce nauyi a wurina. A ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009, yara 84 suka rasu a Najeriya bayan an ba su wani maganin fitar haƙori. An haɗa shi da wani ruwa mai guba da ke lalata ƙoda, wanda aka sayar a matsayin sinadarin da aka saba amfani da shi. A ido kamanninsu ɗaya, dukansu kuma suna da ɗan zaƙi. Gwaji ne kaɗai ke raba su. A 2022 irin wannan guba ta kashe yara kusan 70 a Gambiya. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu saboda yawan fiya-fiyar da ake zuba masa a rumbu, mu kuwa shi muke dafawa. Doka tana da tasiri idan masu ilimi suka tsaya mata: man fetur na motoci mai dalma an yi shekaru ana jayayya a kansa, har aka daina sayar da shi a duniya baki ɗaya a 2021, Aljeriya ce ta ƙarshe. Amma doka takarda ce, ƙarfinta yana hannun wanda ke zaune gaban na'ura.

Wata rana, Uwata, za a ajiye miki takarda a ce ki sa hannu cewa kaya sun ci gwaji, alhali ba a gwada ba, ko an gwada sakamakon bai yi daɗi ba. Mai kawo takardar ba zai zo da fuskar mugu ba. Zai ce mota na jira, zai ce kowa haka yake yi, wataƙila ma ya girme ni. Kin haddace surar da ta yi wa masu tauye mudu kashedi tun kina Islamiyya. Ma'aunin ɗakin gwaji ma mudu ne, kuma wanda za a tauye jariri ne da ba zai taɓa sanin sunanki ba. Idan aka kore ki a kan kin ƙi sa hannu, ki dawo gida, ɗakinki yana nan, ni zan ci da ke. Ki fara sabawa tun yanzu: lambar da na'ura ta nuna ita za ki rubuta a littafinki, ko da ta saɓa da ta kowa a ajin, ko da za a rage miki maki.

Na tura miki kuɗin farar rigar gwaji da tabarau, ki sayi tabarau mai rufe gefen ido. Idan za ki yi aiki kusa da wuta, ki sa ƙaramin hijabi na auduga ki cusa bakinsa cikin riga, kada ki shiga da mai santsin nan da ke narkewa. Kada ki taɓa zuƙo wani ruwa da baki, ko kin ga wasu suna yi. Asid ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba a zuba ruwa cikin asid.

Mamanki ta ba direban da zai zo ranar Asabar dambun nama da yaji da man shanu, ki kira shi da hantsi. Idan kun yi hutu ki taho mini da littafin gwajinki, ina so in gani da idona. Ni kuma zan kai ki unguwarmu ta da, in nuna miki ramin kakanki, har yanzu bakinsa shuɗi ne.

Allah Ya yi miki albarka, Ya tsare mini ke.

Mahaifinki.