Daga Daura, da faso da yankan kawa

Assalamu alaikum Malam Sani,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ya karatu, ya sanyin can? Inna tana gaishe ka, ta ce wai ka manta da ita.

Na dawo daga Fatakwal makon jiya, ɗingishi nake yi. Aikin da malaminmu ya tura mu shi ne ƙirga ire-iren kifin da ke zama kusa da kawa, da auna lafiyar ruwan. Ka tuna makankarin da ake kankare ƙanzo da shi? To kawa danginsa ce, sai dai ita a dunƙule take, ta manne wa saiwoyin itatuwan bakin teku. Kaifinta kamar aska. Laka ta cire min takalmi, na taka kawar, sauran labarin ƙafata ce ta sani.

Can ba agogo ake bi ba, teku ake bi. Sau biyu a rana ruwa yake janyewa ya dawo, kuma kullum yana jinkirta wajen minti 50. Kafin ya janye mu dasa raga, ya janye mu kwashe, mu auna tsawon kowane kifi mu rubuta mu mayar. Na ga wata irin karfasa mai baƙin haɓa da gishiri bai dame ta ba, da wani kifi mai idanu a ka da ke tsalle kan laka kamar kwaɗo. Wallahi na tsaya baki buɗe har aka yi min dariya.

Ruwan kuwa muna auna zafinsa, da gishirinsa, da iskar da kifi ke shaƙa a ciki. Idan iskar ta gaza miligiram 2 a lita, kifi ya gudu ko ya mutu. Abin da ya fi burge ni faifai ne fentin fari da baƙi, a ɗaure da igiya. Ka zura shi har ya ɓace maka, ka auna igiyar, ka san gurɓacewar ruwan ke nan. Kawa kuma tace ruwa take yi ta ci. Babbar kawar Amurka tana iya tace lita 190 a rana, kusan jarka takwas.

Tun da na dawo nake tunanin dam ɗin Sabke. Faifan nan ko maƙerin unguwarmu zai yi min shi. In ka zo hutu mu je tare, kai ka riƙe littafi, tunda ruwa tsoro yake ba ka.

Naka,
Bashir