Zuwa ga kamfanin da ya sayar mini da kayan ƙarin gudu na motar rimot: ku biya ni giyar mota da batir

Zuwa ga Manaja,
Sashen kula da masu sayayya.

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Na rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a ne saboda duk saƙon da na aika ta WhatsApp ɗinku amsa ɗaya yake samu, wai ana dubawa. Ban kama sunan kamfaninku ba don har yanzu ina fatan mu rabu lafiya, amma duk wanda yake fitowa da motarsa ta rimot filin da muke tsere a kudancin Jidda ranar Juma'a bayan La'asar ya san da wa nake.

Sana'ata gyaran na'urar sanyaya ɗaki, don haka waya da mita ba baƙina ba ne. Motar rimot ɗin da ake magana a kai, mai girman 1/10, wato kashi ɗaya cikin goma na motar gaske, a wurinku na saye ta, ni da 'ya'yan yayana muke wasa da ita. Da injinta mai burushi da batirin NiMH mai bolt 7.2 ta zo, kuma ba ta taɓa ba mu matsala ba. Da yaran suka matsa sai an ƙara mata gudu, na shiga shafinku na ga kunshin da kuka rubuta ƙarara cewa ya dace da wannan samfurin: inji marar burushi mai KV 4000, wato juyi 4000 a minti kan kowane bolt ɗaya, da na'urar ESC mai sarrafa gudunsa, da ƙaramar giyar ƙarfe da ake ɗaurawa a bakin injin. Na biya, har da harajin kashi 15 cikin ɗari, fatura tana hannuna.

A ƙaramar giyar nan ɓarnar take. Babbar giyar roba da ke cikin motar, awon haƙoranta na mita ne, wanda ake rubutawa 0.6. Wadda kuka sako a kunshin kuwa 48P ce, awon inci, wanda in aka mayar da shi mita yake kamawa kusan 0.53. Ido ba ya raba su. In ka haɗa su suna shiga juna, suna juyawa, har gwajin da muka saba yi na cusa siririyar takarda tsakanin giyoyin kafin a ɗaure noti sai ya wuce lafiya. Amma haƙoran ba sa zama daidai a gurbin juna, kowane juyi ƙarfe yana ɗan gatsar roba. A fitar farko motar ta fara wani kuka mai kaifi, kafin batir ya ƙare injin yana ihu taya ba ta motsi. Da na buɗe murfin, garin baƙar roba ne ya zubo mini a tafin hannu, gefe guda na babbar giyar ya zama sumul kamar ba a taɓa yi masa haƙori ba. Ledar da ƙaramar giyar ta zo a ciki babu rubutun awo a jikinta. Sai da wani abokinmu ya kawo tasa mai 0.6 muka jera su a ƙarƙashin fitilar waya, sannan bambancin ya fito.

Na san wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Giyar roba abar ci ce, da gangan ma ake yin ta da roba don in abu ya cije ita ta mutu, inji da sauran kayan ciki su tsira. Da wata da watanni ta yi tana aiki sannan ta ƙare, da ba ku ji daga gare ni ba. Wannan kuwa a yammaci ɗaya ta tafi, kuma kayan da kuka ce sun dace da ita ne suka kashe ta.

Sai maganar batir. Ma'aikacinku da na yi waya da shi, yaro mai ladabi, ba ni da ƙorafi a kan halinsa, shi ya ba ni shawarar in ɗauki batirin LiPo mai gida uku, wato bolt 11.1, wai da shi ake jin daɗin injin. Lissafin ba wuya: KV 4000 sau 11.1 ya ba da juyi 44,400 a minti in babu kaya a kan injin, mai gida biyu kuwa, bolt 7.4, juyi 29,600 ne. Bai ce mini a rage haƙoran ƙaramar giya ba, bai ambaci fanka ko ƙarfen shan zafi ba. A Jidda fa muke, inda da bazara zafi yake kusantar digiri 40, ƙasa kuma ta fi haka ƙuna. Masu wannan harka sun san ba a son inji ya wuce digiri 70 zuwa 80, don maganaɗisun da ke cikinsa yana rauni, kuma in ya yi rauni ba ya dawowa. Na auna namu da na'urar da nake auna zafin kwamfireso, ya haura 90.

Shi kansa batirin a kumbure ya iso. Na ɗora shi a kan tebur yana lilo. Da na sa mita, gida biyu suna kan bolt 3.8, wanda shi ne daidai ga batirin da ke ajiye, na ukun kuma ya faɗi ƙasa da 3.0. Na turo hoto, aka ce mini haka suke, in sa caja zai daidaita. Ranka ya daɗe, wannan amsar ta fi asarar giya ɓata mini rai. LiPo mai kumburi ba a cajinsa, wuta yake kamawa, irin wutar da ba ta mutuwa da sauƙi. Da yaro ne ya karɓi wannan shawara ya jona shi a ɗaki ya tafi masallaci fa? Yanzu haka yana cikin gwangwanin ƙarfe da yashi a saman bene, nesa da kowa. Tseren da giyar ta mutu a cikinsa ma da batirin aro muka yi shi. Bakin wayar ESC ɗin kuma bai dace da bakin wayar batirin, samfurin XT60, ba, sai da na sa dalma na canja, amma wannan na yafe.

Da na nemi garanti, dalili biyu kuka ba ni. Na farko, wai na sauya wa motar kayan asali. Da kayan wa na sauya? Ku kuka tallata su, ku kuka rubuta sunan motar a ƙarƙashinsu, ku kuka karɓi kuɗin. Na biyu, wai an tuƙa ta a cikin yashi. Hoton da ke kan shafinku na wannan motar, a kan tudun rairayi take tana watsa ƙura. Kuna sayar da motar jeji a ƙasar da ake gudanar da gasar tseren motoci ta Dakar tun 2020, sannan ku ce yashi ya karya garanti? Kuma yashi muna sane da shi. Bayan kowace fita muna hure motar da iska, mu goge boris mu ɗiga masa mai, saboda iskar Bahar Maliya mai gishiri ba ta barin ƙarfe ya huta. Akwatin giyar a rufe yake, ban samu ƙwayar yashi a cikinsa ba, na kuma ɗauki hoto kafin in taɓa komai.

Duk da haka na ce to, bari in sayi sabuwar giyar da kuɗina. Na biya, har yau shiru, wai tana hanya. Kantinku cike yake da injuna da batura masu tsada, amma giya da boris da hannun taya, ƙananan abubuwan da suke karyewa kullum, babu. Motoci nawa ne a cikinmu suke kwance a kan kabad saboda abin da bai kai kuɗin cin abincin rana ba?

Dokar cinikin intanet ta Saudiyya ta 2019 ta ɗauki abin da mai kaya ya rubuta a tallarsa a matsayin ɓangaren yarjejeniya, ta kuma ba mai saye damar fasa ciniki ya karɓi kuɗinsa in an yi jinkirin kawo kaya fiye da kwana 15. Wannan wa'adin ya wuce.

Abin da nake nema ke nan: ku aiko mini da babbar giya da ƙarama mai awon 0.6 ba tare da na ƙara ko halala ɗaya, wato kwabon Saudiyya, ba, ku mayar mini da kuɗin wadda na biya ba ta zo ba, ku zo ku ɗauki batirin nan ku ba ni lafiyayye mai gida biyu da cikon kuɗina. Ku cire sunan wannan motar daga tallar kunshin, ko ku canja giyar da ke ciki, kuma a riƙa rubuta awo a jikin leda. Ma'aikatanku kuma a hana su gaya wa kowa ya caja batir mai kumburi.

Zan jira amsarku a rubuce zuwa ƙarshen wannan wata. In ban ji komai ba, zan kira Ma'aikatar Kasuwanci a lambar waya 1900 in shigar da ƙara, da fatura da hotuna da saƙonnin da muka yi da ku.

Wassalam.

Naku,
Mai sayayya a wurinku, daga Jidda.