Ashe gidan kakanninmu ma sayensa aka yi

Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka, ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu don in yi magana a kan wani tsohon gidan ƙasa da ke cikin garin Sakkwato, tafiyar 'yan mintuna da ƙafa daga Hubbaren Shehu.

A gidan aka yanke mini cibiya. Shekara sittin da 'yan kai ina gaya wa duk wanda ya tambaye ni cewa kakan kakanmu ne ya aza tubalinsa na farko, tun zamanin da Muhammadu Bello ya kafa garin a 1809. Haka na ji, haka nake faɗa, har yaran da na koyar a firamare sun sha ji daga bakina. Bana da baffanmu na ƙarshe ya rasu, Allah ya jiƙansa, aka zauna maganar gado, sai na gane ƙarya nake ta shara wa mutane da zuciya ɗaya.

A ƙarƙashin gadonsa muka jawo wata adaka da ta yi tsatsa. Cikinta akwai gafaka, cikin gafakar akwai takardu uku naɗe a tsumman saƙi. Gara ta ɗan taɓa gefen ɗaya. Rubutun Larabci ne da tawadar gida, irin hannun malaman da, sunayen mutane da na wurare kuma da ajami. Yaranmu biyu da suka yi digiri a Larabci sun juya ta, sun juya, suka ce hannun ya fi ƙarfinsu. Sai da muka kai wa wani tsohon malamin zaure, ya matsa bakin ƙofa inda haske yake, ya bi ta da yatsa ya karance mana kamar jiya ya rubuta. Ta farkon takardar ciniki ce. Mai saye kakan mahaifina ne. Mai sayarwa kuwa mace ce, wadda ban taɓa jin sunanta ba.

Da na koma gida na wuce ɗakin Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, wadda ta doshi casa'in. Na ce, "Gwaggo, ashe gidan nan saye aka yi?" Ta dube ni sheƙeƙe ta ce, "Awo mana. Wa ya ce maka mu munka gina shi? Ku maza ba ku tambaya, sai dai ku faɗi." Na ce me ya sa ba ta taɓa gaya mana ba. Ta ce, "Wa yat tambaye ni?"

Kwana uku na yi ina zama gabanta da littafi da biro. Ga abin da ya fito, idan aka haɗa bakinta da takardun.

Wanda ya fara zama a wurin marini ne. Wannan ya warware mini wani abu da ya daɗe yana ɗaure mini kai. Shekarun baya da muka sa a haƙa sabuwar masai a bayan gida, masu haƙa sun ci karo da wani da'irar gini mai taurin dutse, ƙasar cikinsa baƙa mai shuɗi-shuɗi. Muka ce tsohuwar rijiya ce, muka kauce mata. Ashe bakin ramin rini ne, an shafe shi da laso, shi ya sa diga ta ƙi cinsa.

Ɗan marinin ne ya gaji gidan, shi ne kuma ya bar shi. A ranar 15 ga Maris 1903 aka yi karon Giginya da sojojin Turawa, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya fita ya yi gabas, jama'a masu yawa suka bi shi, malamai da masu sana'a da manoma. A watan Yulin shekarar aka kashe shi a Burmi, waɗanda suka tsira wasu suka ci gaba har Sudan, inda garin Mai Wurno yake a yau. Mai gidanmu yana cikin waɗanda suka bi. Ya tafi da matarsa da 'ya'yansa, ya bar wa ƙanwarsa da ke aure a unguwar amanar gida. Gwaggo ta ce ta ji daga mahaifiyarta cewa ranar da ya tafi akwai rinin mutane shanye a kan igiya, riguna da zannuwa da rawuna, kuma ƙanwar nan ta yi makonni tana bin gida-gida tana cigiyar masu su har ta mayar wa kowa nasa. Tun da na ji wannan, in na tsaya a tsakar gidan sai in riƙa ganin igiyar.

Gidan ƙasa ba ya son kaɗaici. In ba a yi masa yaɓe ba, ba a share indararo ba, damina biyu ta ishe shi. Don haka ƙanwar ta sa wani malami da almajiransa a ciki, ba haya, su dai su riƙa gyara. Ta riƙe shi haka fiye da shekara goma tana jiran ɗan'uwanta. Takardar cinikin ta nuna an yi shi ne a zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Maiturare, wanda ya yi sarauta daga 1915 zuwa 1924, wato bayan babbar yunwar 1914 da ta talauta mutane da dama. An ƙidaya kuɗin da wuri. Shaidu uku ne, liman da mai unguwa da wani maƙeri. Iyakokin gida kuwa, gabas durumi, yamma lungu, kudu rijiyar unguwa, arewa katangar wane. Durumin ya faɗi ina yaro, rijiyar an cike ta, lungun ne kawai ya rage. A ƙasan takardar akwai sharaɗi guda: idan matafiyin ya dawo, ko ɗansa, za a ba shi rabonsa na kuɗin.

Kakan mahaifina baduku ne, daga baya ya shiga fataucin fatar jar akuya, wadda ta yi wa Sakkwato suna har ƙetare. Shi ya ɗaga soron gaba ya sa masa zanko, ya yi wa zaure ɗaurin guga da azarar giginya, waɗanda har yau suna nan ba ko tsaga. Da jirgin ƙasa ya iso Ƙaura Namoda a 1929, can ake kai kayansa. Daga lokacinsa ne aka fara ce wa wurin gidan dukawa, sunan marini ya nutse. Abin da na lura da shi ke nan: sunan gida mutum ɗaya yake riƙewa, galibi wanda ya fi kuɗi ko ya fi 'ya'ya, sauran duk ya haɗiye su.

Takarda ta biyu ta jingina ce. Zamanin Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, tsakanin 1931 da 1938, kasuwar fata ta faɗi, ga haraji ba ya jira. Kakanmu ya jinginar da sashen baya ga wani mai fataucin goro. Wannan ma ba a taɓa faɗa mana ba, don ba abin fahariya ba ne. Wadda ta fanso shi kakarmu ce. Ta sayar da saniyarta da tasoshin ɗakinta, ta haɗa da kuɗin kaɗi da ta daɗe tana tarawa. Takarda ta uku ita ce shaidar cewa kakanmu ya mallaka mata sashen, gaban shaidu, halak malak.

A nan ne zaman gado ya ɗan yi tsami. In sashen baya na kakarmu ne, to lissafinsa daban ne, domin ba duk 'ya'yan kakanmu ne ta haifa ba, kuma Gwaggo da 'ya'yan 'yan'uwanta mata suna da rabon da ba a taɓa ambata ba. Wani daga cikinmu ya ce a mayar da takardar adaka a rufe, tone-tone ba ya kawo alheri. Ban ga laifinsa sosai ba, tsoron rabuwar zumunci yake yi. Amma zumuncin da sai an danne haƙƙin tsohuwa mai shekara casa'in zai tsaya, ni ban san amfaninsa ba. Mun kai wa malamai, sun yi lissafi, kowa ya ji nasa. An ɗan yi kwana biyu ana gaisuwa a tsaitsaye, yanzu ta wuce.

Akwai kuma waɗanda suka zauna a gidan ba su shiga kowace takarda ba. Wata tsohuwa da muka taso muka tarar, muna ce mata Inna, ashe tana yarinya aka kawo ta a matsayin baiwa. Dokar da ta soke bauta gaba ɗaya a Arewa ta zo a 1936, ta same ta da furfurar fari, ba ta da inda za ta koma, ba ta kuma nemi tafiya ba. Ita ta yi goyon mahaifina, ita ke ɓoye mana ƙanzo in an hana mu. Har yau ɗakin da muke ajiye janareta ɗakin Inna muke ce masa, yaran yanzu ba su san wace Inna ba. Lokacin farin 1973 da 1974 wasu Buzaye da dabbobinsu suka ƙare sun zauna a zaurenmu wata da watanni, tsohonsu yana dafa shayi a ɗan kaskon gawayi yana ba mu na uku, mai zaƙin. Bayan buɗe jami'a a 1975 an ba ɗalibai hayar shagon ƙofa, rukuni bayan rukuni.

Edita, dalilin rubuto wannan wasiƙa shi ne, mu Sakkwatawa muna alfahari da tarihi, kuma muna da hujja. Yaro ƙarami zai jero maka sarakunan Musulmi daga Bello har yau. Mun san Shehu ya dawo garin nan daga Sifawa a 1815 ya rasu a 1817. Mun san a wurin Waziri Giɗaɗo aka sauki Baturen nan Kilafaton a 1824. Amma tambayi mutum wa ya zauna a ɗakin da yake kwana kafin kakansa, sai ya yi shiru. Marina da maƙera da majema da masaƙa da suka cika garin, tarihinsu yana cikin adakoki da bakin gwaggonni, kuma duka biyun ƙarewa suke yi. Kowace shekara ana rushe zaure a yi shaguna, a kwashe tsofaffin takardu a ƙona tare da shara, ko a bar wa gara don ana ganin rubutun Larabci ne, kada a taɓa.

Takardun zamani ba su cike wannan giɓi. Tun dokar amfani da ƙasa ta 1978, wadda ta danƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, abin da mutane ke nema shi ne takardar shaidar mallaka. Ita kuwa da sunan mai nema take farawa, da awon fili da lambar fuloti. Ba ta da gurbin durumi, ba ta da gurbin matar da ta riƙe amana shekara goma sha. Tana da amfaninta, mu ma muna nemanta, amma wanda ya karanta ta nan da shekara ɗari zai ɗauka daga kanmu duniya ta fara.

Na san abin da ke sa mutane ɓoyewa. Suna tsoron wani ya ɓullo ya ce gidan kakansa ne. Wannan tsoro ya yi yawa. Duk wanda ya zauna gaban malamin fiƙihu ya san hukuncin hauzi a mazhabarmu ta Malikiyya: wanda ya riƙe gida shekara goma yana gini yana rushewa, mai da'awa yana gari yana gani bai ce uffan ba, ba tare da wani uzuri ba, to ba a sauraren da'awarsa, in dai ba dangi ba ne na kusa. Balle gidan da aka saya gaban shaidu. Abin da ya shafi asalin wani kuwa, kamar na Inna, ana iya rubutawa a ajiye a gida ba sai an buga a jarida da suna ba.

Roƙona ga hukumar adana tarihi da ke ɗauke da sunan Waziri Junaidu shi ne ta buɗe ƙofa ga irin waɗannan takardu na talakawa, ta ɗauki hotonsu ta mayar wa masu su, ta kuma sanar a rediyo da Hausa cewa tana karɓa. Malaman tarihi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo su riƙa tura ɗalibai lungu-lungu, kowa ya ɗauki gida guda ya bi silsilarsa, ya fara da ɗakin tsofaffin mata kafin ya je zaure. Masu unguwanni kuma, tunda ba a cinikin gida sai da saninsu, su riƙa cewa a ɗauki hoton tsohuwar takarda ko da wayar hannu ce kafin a sa hannu a sabuwa. Su ma tsofaffin malaman da ke iya karanta wancan hannu ba su da yawa yanzu. Wanda ya karanta mana namu ido ɗaya ya rage masa.

Namu gidan, dillalai sun fara zarya. Wasu magada suna son a sayar da gaba a yi shaguna, ɗan baffana ya ce zai yi shuf'a, wato haƙƙin abokin tarayya na riga bare saye, ya sayi rabonsu tun ba a raba ba, in Allah ya hore masa kafin kaka. Na auna zauren da igiya, na ɗauki hoton kowace azara, ko da ba a dace ba.

Saura saƙon Gwaggo, wanda ta ce lalle in sa a ciki. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a 2023 ana ta jin mutanenmu na can suna watsuwa, wasu har sun iso Najeriya. Ta ce, "Ka rubuta, in akwai wanda ya ji ga tsohinsa cewa su marina ne daga Sakkwato, sun bi Attahiru sunka bar ƙanwa da gida, ya zo. Ba a biya su rabonsu ba, kuma ga takarda." Na bar adireshina da lambar wayata a ofishinku.

Wassalam.

Naka,
Wani tsohon malamin makaranta,
Sakkwato.