Wasiƙa daga Edinbara, kan 'yar shukar da ka ce in aiko maka

Assalamu alaikum aminina,

Ya gida ya iyali, ya jikin Hajiya? Mu nan lafiya lau alhamdulillah, sai sanyi da ya fara leƙowa. Na ga saƙonka kan hoton da na ɗora a WhatsApp, wai in aiko maka da irin shukar nan ta heda (heather) ka dasa a lambunka na bayan gida. Wlh sai da na yi dariya, ba don raini ba, don nasan halinka ne, tana isa hannunka zaka kwaso kashin kaji da toka ka antaya mata yadda kake wa tumatir da albasa, to wannan gatan ne zai kashe ta tun kafin ranar Kano ta samu nata rabon.

Heda suke ce mata a nan. 'Yar gajeruwa ce, da kyar take kai gwiwa, ganyenta mitsi-mitsi kuma ba ta kaɗe shi rani da damina. Daga Agusta zuwa Satumba in ka hau tsaunukan Pentland da ke kudu da gari zaka ga gangaren ya rine da shunayya, ba mai ban ruwa ba mai taki, tumaki ma suna ta gwaguyarta amma ko a jikinta. Wannan ta dajin ita ce Calluna, ita ce a tukunyata.

Abin da zai baka mamaki a matsayinka na manomi, ƙasar da kai zaka ce ta mutu ita take so, mara ƙarfi, mai tsami, a ma'aunin tsami na pH wajen 4.5 zuwa 5.5. Toka kuwa aikinta kashe tsami, da zarar tsamin ya tafi saiwar ba ta iya jan sinadarin ƙarfe daga ƙasa, sai ka ga ganye ya koma ruwan ɗorawa, kai kuma ka ce yunwa ce ka ƙara taki, shikenan ka gama da ita. Shi yasa a shagon shuke-shuke buhun ƙasarta daban ne, an rubuta ericaceous a jiki. Har ruwa ma tana da zaɓe. Mu nan Sikotland ruwan famfo ba shi da alli sosai ba matsala, amma mutanen Landan da farin allin ruwan nan ke daskarewa a butar shayinsu gara su tari ruwan sama, ko su sayi 'yar uwarta Erica carnea, ita ba ruwanta da alli, kuma a tsakiyar hunturu take fure har zuwa Afrilu, wani lokacin ƙanƙara na kanta.

Saiwarta siririya ce kamar gashi, kuma a sama-sama take, don haka shekarar farko in ka bari tukunya ta bushe ƙamas ko sau ɗaya ta tafi kenan, abin haushin ba za ta nuna maka ba, tana nan tsaye da kalarta sai bayan makonni ka taɓa ta ka ga tana zubewa a hannunka. Ruwa ya kwanta mata kuma saiwa ta ruɓe. Kullum sai in tsoma yatsa a ƙasar in ji, danshi nake nema ba caɓi ba. Rana kuma tana sonta, a inuwa furen ba ya yin kirki.

Sai aski, nan ne mutane da yawa ke ɓata ta. Wajen Maris zuwa Afrilu ake bin Calluna da almakashi a yanke busassun furannin bara, daidai ƙasansu inda akwai ɗanyen ganye. Kar a zurfafa zuwa tsohon icen, in aka kai can ba ta sake toho, ba irin zogale ba ce da zaka sare ya dawo da ƙarfinsa. In kuma aka ƙi askin sai ta yi zaƙo-zaƙo tsakiyarta ya zama sanƙo. Af, waɗanda ake sayarwa a manyan kantuna shuɗi shar ko ja wur ɗin nan, fenti ne aka fesa musu fa, ni dai ko kyauta bana so.

To ka gani dai, Kano da Afrilu ke haura digiri 40 ga iskar hunturu mai busar da leɓe, gaskiya ka haƙura, asarar kuɗin aike kawai za mu yi. Abin da zan riƙo maka in Allah ya kawo ni hutu shi ne zumar da ƙudan zuma ke yi daga furenta, ja ce mai kauri, a kwalba tana daskarewa sai ka juya da cokali take sakin jiki, ɗanɗanonta da ɗan ɗaci-ɗaci, Hajiya za ta so ta a kunu.

Ka turo min hoton albasar bana in ga ko cika bakin ya tabbata. A gaida madam da yara da duk 'yan majalisa.

Naka,
abokinka na Edinbara