Takardar Koke Zuwa ga Kantoman Birnin Yamai kan Matsalar Abin Hawa a Unguwannin Bakin Gari

Assalamu alaikum. Mai girma Kantoma, Allah ya ƙara maka lafiya.

Mu ne mazauna Talaje, Ayeropor, Saga da Yamai 2000: ƴan kasuwa, leburori, masu gadi, mata masu sana'a da uwayen ƴan makaranta. Kukanmu a kan abin hawa ne. Muna jin wasu na cewa shiga mota ciniki ne kawai tsakanin direba da fasinja, mai kuɗi ya hau, marar kuɗi ya taka sayyada. Mu dai a wurinmu haƙƙi ne, domin duk sauran haƙƙoƙin da hukuma ta amince mana da su sai an hau mota ake isa gare su.

Tun 2006 gwamnati ta mai da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, haka ma tiyatar haihuwa. A 2024 kuma aka rage kuɗin asibitocin gwamnati da rabi. Mun gode ƙwarai. Amma babban asibitin ƙasa da gidan haihuwa na Isaka Gazobi suna can cikin gari. Idan haihuwa ta zo wa mace da gardama cikin tsakar dare, mijinta ne ke bin ƙofofin maƙwabta yana bugawa, ko Allah zai sa a dace da mai mota. In ba a dace ba, sai a ɗora ta a kan kabu-kabu, wata mace ta zauna bayanta ta riƙe ta, a bi rairayi da ramuka har a kai kwalta. Ranka ya daɗe, ta yaya kyautar tiyata za ta amfani wadda ba ta isa ba?

Da rana ma ba sauƙi. Mai taksi da ya ji sunan unguwarmu sai ya ce kos biyu, wato kuɗin mutum biyu, wani lokaci uku, ko ya ja motarsa bai tanka ba. Faba-faba kuwa, wato ƙaramar bas ta haya, tun daga tasha take cika, ta wuce mu muna tsaye. Mafi ƙarancin albashi jika 42 ne a wata tun farkon 2024. Mai gadin da ke aiki a unguwar Filato cikin gari, in ya cire kuɗin zuwa da dawowa, abin da ya rage ba ya kai shi ƙarshen wata. Ɗalibanmu da ke ƙetare kogi zuwa Jami'ar Abdu Mumuni a Harobanda suna cikin wannan hali, ƴan mata ƙanana kuma na fita tun duhun asuba da ƙafa don kada a rufe ƙofar lakwal.

Ba ƙarar direbobi muka kawo ba. Su ma ƴaƴanmu ne, kuma mun san yadda hanyoyinmu ke cin mota, balle da damina. A watan Yulin 2024 an rage litar esans daga sefa 540 zuwa 499, mai ɗin da ake tacewa a Damagaram, amma sauƙin bai iso ga fasinjan bakin gari ba, saboda babu wata mota mai tsayayyen farashi da zai koma gare ta.

Don haka muke roƙon a ƙara wa SOTRUNI, kamfanin sufuri na cikin birnin Yamai, manyan motoci, a ware layukan da za su riƙa ɗaukarmu zuwa Babbar Kasuwa, Katako da Wadata daga bayan sallar asuba har bayan isha'i. A rubuta farashi a jikin mota kowa ya gani. Za mu biya, ba kyauta muke nema ba, sai dai a sassauta wa ƴan makaranta, tsofaffi da masu naƙasa. A zuba jar ƙasa a manyan hanyoyin unguwanni kafin ruwa ya sauka. Abin da ya fi gaggawa shi ne motar ɗaukar marasa lafiya da za ta riƙa kwana a ƙananan asibitocinmu da direbanta.

Muna kuma roƙon ka kira zama da masu unguwanninmu da shugabannin ƙungiyoyin direbobi. Wakilanmu a shirye suke su zo duk ranar da ka sa.

Allah ya taya ka riƙo.

Naka,
Mazauna Talaje, Ayeropor, Saga da Yamai 2000