Rahoton Sakatare na Shekarar 2025 ga 'Yan Ƙungiyarmu ta Masu Bibiyar Tseren Formula 1

Assalamu alaikum warahmatullah. Ranka ya daɗe Shugaba, iyayen ƙungiya, 'yan kwamiti da sauran 'yan'uwa mambobi, barkanmu da ganin ƙarshen shekara lafiya. Kamar yadda tsarin mulkinmu ya ɗora wa sakatare, ga bayanin abin da muka yi daga Janairu zuwa Disamba. Lissafin kuɗi aikin Ma'aji ne, zai karanta shi da bakinsa a taron farkon shekara, don haka ba zan shiga gonarsa ba.

Kallon tsere

An yi tsere 24 a kakar bana, daga Melbourne ta Ostireliya ranar 16 ga Maris zuwa Abu Dhabi ranar 7 ga Disamba, kuma mun kalli mafi yawansu tare. Na farkon ya faɗo cikin azumi, da ƙarfe biyar na asuba agogonmu. Wasu da ragowar sahur a baki suka shigo. Muka katse kallo aka je masallaci, da muka dawo muka tarar ruwan sama ya yamutsa hazo, motoci na ta zamewa suna cin bango. Duk wanda ya zo ran nan bai yi asarar barcinsa ba.

Abin da ya fi ba mu wahala shi ne janareta. Cikin damina ya mutu mana ana tsakiyar tsere, aka koma leƙen waya ɗaya mutum wajen goma. Zan dawo kan maganarsa. Muna godiya ga mai gidan da ya ba mu aron zaurensa shekara guda cur bai karɓi ko sisi ba, da mambobinmu makanikai da suka riƙa lallaɓa janaretan har ya kai mu Disamba.

Zaman tattaunawa

Sabon abin da muka shigo da shi bana shi ne zaman tattaunawa a ranakun Lahadin da babu tsere. Kwamiti ya tsara batutuwa daban-daban, amma batu ɗaya ne ya cinye mana shekarar, domin shi ne ya cinye wa tawagogin tseren su ma tasu: yaushe ake sakin motar bana a koma kan ta baɗi?

Ga waɗanda ba su samu zuwa ba, ga yadda ɗan'uwanmu malamin kwalejin fasaha ya warware mana shi. A 2026 dokoki za su sauya ta ko'ina a lokaci guda. Ƙarfin da lantarki ke ba motar zai tashi daga kilowat 120 zuwa 350, ya kusa yin kunnen doki da na injin mai. An cire na'urar da ke tara wuta daga zafin hayaƙi. Man da za a sha dole ya zama wanda ba daga rijiyar mai aka haƙo shi ba. Motar za ta rage faɗi da santimita 10, tazarar tayoyin gaba da na baya ta ragu da santimita 20, nauyi mafi ƙaranci ya sauko daga kilo 800 zuwa 768, fikafikan gaba da na baya kuma su riƙa buɗewa da rufewa ana cikin gudu. Ke nan kusan babu wani abin kirki a jikin motar 2025 da za a kwance a ɗaura wa ta 2026.

A da, manyan tawagogi kan ɗauki ma'aikata kashi biyu, kowane kashi da motarsa, a zuba kuɗi. Yanzu an toshe wannan ƙofa ta wuri biyu. Na farko, tun 2021 aka ƙayyade kuɗin da tawaga za ta kashe a shekara, aka fara da dala miliyan 145. Red Bull ta ɗan haura a shekarar farko, ta biya tarar dala miliyan 7, aka kuma yanke mata kashi goma cikin ɗari na lokacin gwajin iska. Na biyu shi ne gwajin iskar kansa. Zauren gwaji wani dogon bututu ne da ake sa ƙaramin samfurin mota a ciki, wanda bai wuce kashi 60 cikin ɗari na girmanta ba, a hura masa iska a auna yadda take danne shi a ƙasa. Hukumar FIA mai kula da gasar ta rarraba lokacin shigarsa bisa matsayi: in aka ɗauki ma'aunin lokacin a matsayin ɗari, tawagar da ta zo ta ɗaya kashi 70 take samu, kowane mataki ƙasa a ƙara biyar, har ta goma ta samu 115. An kuma hana kowa gwada siffar motar 2026 kafin 1 ga Janairun 2025. Saboda haka duk awar da aka ba motar bana a zauren nan, daga bakin ta baɗi aka ƙwace ta. Taura biyu ba ta taunuwa.

Wani abu da ya ba mu dariya a nan: ana sake rabon a tsakiyar shekara. Williams ta gama 2024 a ta tara, ta fara bana da kashi 110. Da motarta ta yi kyau fiye da yadda aka zata, ƙarshen Yuni ya same ta a ta biyar, sai kasonta ya faɗo zuwa 90, daidai lokacin da ta fi buƙatarsa. Wani bakanike cikinmu ya ce wannan shi ne a yaba maka a kuma rage maka tuwo.

Zaure ya rabu biyu. Ɓangaren Ma'aji suka ce ba a fafe gora ranar tafiya, duk wanda ba ya neman kambu bana ya jefar da motar tun Afrilu. Hujjarsu babba ita ce Honda ta 2008. Shugaban tawagar, Ross Brawn, ya ga motar ba ta da mamora, ya juya ma'aikata kan dokokin 2009. A Disamba Honda ta tattara ta bar gasar, Brawn ya karɓi tawagar, ya samo injin Mercedes, Jenson Button ya ci shida daga tsere bakwai na farko, suka ɗauke kambu biyun, na direbobi da na tawagogi. McLaren da Ferrari kuwa, da suka yi ta kokawa har kwanar ƙarshe a Brazil inda Lewis Hamilton na McLaren ya doke Felipe Massa na Ferrari da maki ɗaya a kambun 2008, sun shiga 2009 da motoci masu jan ƙafa. Ɓangaren Ma'aji sun kuma kawo misalin Mercedes, wadda ta daɗe tana shirin injin 2014, ta ci tsere 16 cikin 19 a shekarar, ta riƙe kambun tawagogi sau takwas a jere.

Sai dattijonmu, wanda ya fara kallon tsere tun wasunmu suna goye, ya ce Malam Ma'aji ya manta da BMW. A wannan shekara ta 2008 ɗin dai direbanta Robert Kubica ya ci tseren Kanada, ya hau saman teburi. BMW ta ga ta cika burinta na shekara, ta karkata ga motar 2009. Motar ta fito ba ta da gudu, a ƙarshen 2009 kamfanin ya fice. Kambun da ke kusa da hannu ya tafi, na nesa bai zo ba. Ya ƙara da Haas, wadda ba ta taɓa motarta ta 2021 ba, ta gama kakar babu maki ko ɗaya. An yi murna da Kevin Magnussen ya zo na biyar a Bahrain a farkon 2022, amma ta takwas tawagar ta ƙare. Red Bull kuwa ta ja daga da Mercedes har zagayen ƙarshe a Abu Dhabi a 2021, kowa ya ce za ta biya bashin a shekara mai zuwa, sai ga ta ta ci tsere 17 cikin 22.

Tun da ni ke riƙe da alƙalami, bari in faɗi nawa ra'ayin, ba na kwamiti ba. Na fi karkata ga dattijo. Abin da ya ci wa Brawn gasa ba tashi da wuri kaɗai ba ne. Injiniyoyinsa sun hango wata kafa a cikin rubutun doka, suka yi wa mafitar iskar ƙarƙashin motar hawa biyu. Toyota da Williams ma sun fito da irinta a shekarar, ba su ci tsere ko ɗaya ba. Lokaci yana amfanar wanda zauren gwajinsa ke gaya masa gaskiya, wato abin da aka auna a ɗaki shi ake gani a kan titi. Wanda awonsa ke yi masa ƙarya, in ka ƙara masa wata shida, ka ƙara masa nisan ɓata ne kawai. Mercedes ta 2022 ba kuɗi ko ƙwararru ta rasa ba, amma motarta ta yi ta tsalle a miƙaƙƙen titi har ciwon baya ya kama direbanta Hamilton a Baku.

Yadda kakar ta yi mana alƙalanci

Ferrari ta dakatar da gyaran siffar motarta tun ƙarshen Afrilu, shugabanta Fred Vasseur ne ya bayyana haka daga baya. Ta ƙare ta huɗu, babu nasara ko ɗaya a babban tsere, Hamilton kuma, wanda ya koma Ferrari bana, ya yi kakarsa ta farko a tarihi bai shiga ukun farko ba, in ka cire gajeren tseren da ya ci a Sin. Kun san yawancinmu saboda shi muka fara kallon nan, shi ya sa zaure ya riƙa yin tsit da wuri bana. Alpine ita ma ta saki motarta, ta zo ta ƙarshe, tana jiran injin Mercedes. Williams ce kaɗai ta yi wa bana rowa kuma ta ci riba: ta biyar, Carlos Sainz ya zo na uku a Baku da Katar.

Red Bull ta bi ɗaya hanyar. Bayan an sallami shugabanta Christian Horner a Yuli aka naɗa Laurent Mekies, tawagar ta ci gaba da gyara, ta kawo sabon ƙasan mota a Monza. Direbanta Max Verstappen yana bayan Oscar Piastri na McLaren da maki 104 bayan tseren Holand, sai ya ci shida daga tara na ƙarshe. McLaren, wadda ta riga ta ɗauke kambun tawagogi a Singafo ta maida hankali gaba, sai da gumi ya karyo mata, musamman da aka soke sakamakon motocinta biyu a Las Vegas. Direbanta Lando Norris ya tsira da kambun direbobi da maki 423, Verstappen na da 421. Ɓangaren Ma'aji sun ce mu jira Maris mu ga abin da Red Bull za ta girba, tun da a karon farko da injin ƙirar kanta za ta fito, tare da Ford. Wannan gaskiya ne, an bar maganar a buɗe.

Maganar janareta da shirin baɗi

A taron Satumba gardamar ta biyo mu har cikin asusunmu. Wasu suka ce a yi wa janareta gyara na gaske a ƙarasa kaka cikin kwanciyar hankali, wasu suka ce a lallaɓa shi haka nan a tara kuɗin sola. Na ga mutanen da suka yi wata shida suna zagin Ferrari sun ɗaga hannu a bi tafarkinta. Masu sola suka yi rinjaye, kuma mun rasa ƙarshen tsere guda saboda haka. Kuɗin bai cika ba tukuna, don haka ana roƙon masu bashin kuɗin wata su biya kafin ƙarshen Janairu.

Kwamiti ya amince a ci gaba da zaman Lahadi. Zaman farko zai duba sababbin shiga: Audi da ta karɓi Sauber, Cadillac da za ta zama tawaga ta goma sha ɗaya, da haɗuwar Honda da Aston Martin inda Adrian Newey ke zana mota. Makanikanmu sun yi alkawarin kawo tsohon batir da injin mota mai haɗin lantarki su kwance a gaban matasa, don a ga da ido yadda taka birki ke cajin batir. Ana neman mutum biyu da za su riƙa rubuta abin da aka tattauna, domin bana ni kaɗai na yi, kuma akwai zaman da ya wuce ban rubuta ba, ina neman afuwa.

Tseren farko na 2026 a Melbourne ne ranar 8 ga Maris, kuma zai sake faɗowa cikin azumi da ƙarfe biyar na asuba. Za a buɗe zaure tun huɗu da rabi in Allah ya kai mu, kowa ya zo da tabarmarsa.

Wassalam,
Sakatare